Abokin Ɓarawo: Tsokaci a Kan Labaran Fada Brown na G. K. Chesterton

Gabatarwa

Hausawa na cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne. Da wannan karin magana aka rene mu, kuma da shi iyaye a Kankiya da Kusada suke jan kunnen yaro idan suka ga ya fara bin samarin da ba a yarda da halinsu ba. Ban taɓa tsayawa na tuhumi maganar ba sai da wani tsohon littafin Turanci ya faɗo hannuna ina ajin ƙarshe na sakandare. Wani malaminmu mai yi wa ƙasa hidima, ɗan ɗariƙar Katolika, shi ya bar mini shi ranar da zai koma garinsu. Sunan littafin The Innocence of Father Brown, marubucinsa kuma G. K. Chesterton. Na karance shi a hutun damina, tsakanin dawowa daga gona da kiran sallar magariba, kuma abin da na tarar a ciki shi ne limamin coci wanda babban amininsa a duniya riƙaƙƙen ɓarawo ne.

Labaran Fada Brown na cikin rukunin ƙagaggun labaran binciken laifi, inda ake aikata kisa ko sata, mai karatu ya bi sawu har a gano mai laifin. Sai dai a ganina abin da ya raya su fiye da shekara ɗari shi ne abotar limamin da ɓarawon, da tambayar da wannan abota ta ɗauko: ta wace hanya mai laifi yake dawowa cikin mutane, kuma wa zai tsaya masa idan ya dawo? Tambaya ce da mutanen Jihar Katsina suke kwana da ita suke tashi da ita tun da aka fara maganar sulhu da tubabbun 'yan bindiga. Wannan maƙala za ta bi labaran ta wannan fuska, ta nuna inda suka yi ƙarfi da inda suka gaza.

Marubucin da Limaminsa

An haifi Gilbert Keith Chesterton a Landan a 1874, ya rasu a 1936. Ɗan jarida ne, mawaƙi, kuma gwanin muhawara. Labarin Fada Brown na farko ya fito a 1910, daga nan aka tattara labaran, waɗanda suka haura hamsin, cikin littattafai biyar da suka fito a 1911, 1914, 1926, 1927 da 1935. Fada shi ne laƙabin da mabiya ɗariƙar Katolika suke kiran limaminsu, mutumin da ya ɗauki alƙawarin ba zai yi aure ba, ya sallama rayuwarsa ga hidimar coci bisa imanin cewa Ubangiji ne ya kira shi ga aikin. Daga cikin ayyukansa akwai sauraron masu zuwa furta zunubansu a asirce, kuma dokar cocin ta haramta masa bayyana abin da ya ji ko da ransa zai tafi a kai.

Chesterton bai ƙago tauraron nasa daga iska ba. A farkon ƙarni na 20 ya haɗu da Fada John O'Connor, ɗan asalin ƙasar Ayilan da ke limanci a arewacin Ingila. A littafin tarihin rayuwarsa ya ba da labarin yadda O'Connor ya bayyana masa wasu nau'o'in ɓarna da shi ɗan jaridar Landan bai taɓa jin labarinsu ba. Jim kaɗan bayan haka sai ya ji wasu ɗaliban jami'ar Cambridge guda biyu suna tausaya wa limamin, wai mutum ne da aka killace a coci, bai san sharrin duniya ba. Wannan abin dariya shi ya haifi Fada Brown. Abotar mutanen biyu ta haura shekara talatin. O'Connor ne ya karɓi Chesterton cikin ɗariƙar Katolika a 1922, shekara goma sha biyu bayan fitowar labarin farko, kuma bayan rasuwarsa ya rubuta littafi a kansa a 1937. Don haka abotar da ke cikin labaran tana da tushe a rayuwar wanda ya rubuta su.

Raina Kama

Wanda ya saba da Sherlock Holmes, tauraron Arthur Conan Doyle da ya fara bayyana a 1887, zai yi mamakin Fada Brown. Holmes dogo ne mai kaifin ido, yana duba tokar sigari da sawun takalmi, yana kallon mai laifi daga waje kamar yadda likita yake kallon cuta. Fada Brown kuwa gajere ne mai zagayayyar fuska, da tsohuwar laima da kullum take suɓuce masa, wanda duk ya gan shi a tashar jirgin ƙasa zai ɗauka za a yaudare shi kafin ya kai masauki.

Haka ma Flambeau, wanda ake furtawa Falambo, ya ɗauka a labarin farko, The Blue Cross, wato shuɗin gicciye. Falambo ƙaton Bafaranshe ne da 'yan sandan Turai suka gaji da nema. Ya yi shigar limami ya maƙale wa Fada Brown domin ya raba shi da wani gicciyen azurfa mai shuɗɗan duwatsu da ya ɗauko zuwa wani taron coci a Landan. Suna tafe Fada Brown yana ta aikata abubuwan da suka yi kama da wauta: ya zuba gishiri a mazubin sukari, ya watsa miya a bango, ya musanya takardun farashi a rumfar mai kayan marmari, ya biya kuɗin gilashin taga sannan ya fasa shi. Ashe sawu yake barin wa Valentin, shugaban 'yan sandan Faris, gicciyen kuwa tuni ya sa an aika da shi ta gidan waya. Da Falambo ya nemi sanin inda ya koyi dabarun ɓarayi, sai ya gane cewa mutumin da ya shekara da shekaru yana sauraron masu laifi suna furta abin da suka aikata ba zai jahilci sharri ba. Abin da ya ƙara tona asirin limamin bogin shi ne ya soki hankali a cikin hirarsu, alhali a wurin Fada Brown addini da hankali ba sa rabuwa.

Hanyar binciken Fada Brown ta fi fitowa fili a The Hammer of God. An tsinci gawar wani Kanar mashayi, mai bin matan mutane, an farfasa masa kai, ga kuma wata 'yar ƙaramar guduma a gefe. Aka zargi maƙerin garin saboda ƙarfinsa, aka zargi matarsa, aka zargi wani taɓaɓɓe. Kowa ya rasa yadda ƙaramar guduma za ta yi wannan aika-aika. Fada Brown ya ja ɗan'uwan mamacin, wani limamin Angilika mai yawan ibada, suka hau can ƙololuwar cocin. A nan ya nuna masa cewa ya gane: mutumin ya saba yin addu'a a wannan tsayi, har ya fara ganin mutanen da ke ƙasa kamar ƙwari, ya ɗauka hukuncin Allah yana hannunsa, sai ya saki gudumar a kan ɗan'uwansa. Nisan faɗowar ne ya ba ta nauyi. Da mai kisan ya yunƙura zai faɗa ƙasa, Fada Brown ya riƙe shi, ya yi masa alƙawarin ba zai tona shi ba, ya bar masa zaɓi. Suka sauko, mutumin ya miƙa kansa ga sufeton 'yan sanda da bakinsa.

Wannan labari ya fi sauran burge ni domin a cikinsa girman kan mai ibada ne ya yi kisa, abin da kowane mai addini ya kamata ya ji tsoronsa. Daga baya, a littafin 1927, Fada Brown ya bayyana sirrin aikinsa ga wani Ba'amurke da ya zaci yana da wani asiri ko duba. Ya ce shi yakan zauna ne ya yi ta tunanin yadda shi da kansa zai iya kaiwa ga aikata wannan laifi, wane fushi, wace hassada, wane tsoro ne zai tura shi, har sai ya ji ya zama mai laifin a cikin zuciyarsa, daga nan sai ya san ko wane ne. A wurinsa wannan tunani wani nau'in ibada ne, domin yana hana shi ganin kansa ya fi kowa.

Yadda Falambo Ya Dawo

Chesterton bai sa Falambo ya tuba a dare ɗaya ba, kuma wannan yana cikin gwanintarsa. Bayan kamun farko ya sake ɓullowa a The Queer Feet. An kira Fada Brown wani babban otal a Landan domin wani ma'aikaci da ke bakin mutuwa. Yana zaune a wani ɗan ɗaki yana rubutu sai ya ji takun mutum guda yana sauyawa, wani lokaci da sauri, wani lokaci da ƙasaita. Attajirai ne suke liyafa, kuma su da masu kai musu abinci duk baƙaƙen kwat suke sawa. Ɓarawon yakan yi tafiyar ma'aikaci a gaban attajirai, ya yi tafiyar attajiri a gaban ma'aikata, da haka ya kwashe wuƙaƙe da cokulan azurfa ba wanda ya kula. Fada Brown ya tare shi, ya karɓi kayan ya mayar, ya saurari furucinsa, ya bar shi ya tafi. Labarin ya kuma yi wa masu kuɗi shaguɓe, tun da tufafi da taku kaɗai suka raba su da barorinsu.

Satar ƙarshe ta zo a The Flying Stars. Washegarin Kirsimeti Falambo ya shiga wani gida da sunan kawu daga Kanada, ya shirya wasan kwaikwayo, ya sace lu'ulu'u uku a tsakiyar raha. Zargi ya faɗa kan wani saurayi mai ra'ayin gurguzu da ke son 'yar gidan. Fada Brown ya iske ɓarawon a kan bishiya a lambu, ya yi masa magana daga ƙasa. Bai tsorata shi da kurkuku ba. Ya nuna masa cewa mai aikata sharri ba ya tsayawa a mataki guda, kullum gangarawa yake, kuma ga alamar gangarawar ta fara, tun da yau zai bar wani marar laifi ya ɗauki kayan da bai ci ba. Lu'ulu'un nan uku suka faɗo kan ciyawa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci, kodayake masu sharhi sukan wuce shi da sauri. Fada Brown bai yi wa Falambo wa'azi ya juya ya tafi ba. Falambo ya buɗe ofishin bincike mai zaman kansa, ya mayar da sanin da ya yi wa sata ya zama sana'ar halal, kuma a labarai da yawa muna ganin su tare, a jirgin ruwa, a ƙauyukan Ingila, a Faransa. A littafin 1927 mun iske shi ya tsufa a ƙasar Sifaniya da wani suna daban, ya yi aure, ya tara iyali, tsohon abokinsa ya kawo masa ziyara. A gaban baƙon nan Ba'amurke, wanda yake ganin tsananin hukunci ne kaɗai maganin ɓarawo, Falambo ya tashi ya bayyana ko shi wane ne, ya ce shekara ashirin ya yi yana sata yana shan wa'azin mutanen kirki ba abin da ya sauya, sai ranar da ya haɗu da wanda ya fahimci dalilin satarsa.

A Ma'auninmu

Mai karatu Musulmi zai lura da bambanci tun da wuri. A Musulunci babu furta zunubi ga malami. Tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, kuma an fi son wanda Allah ya rufa wa asiri ya rufa wa kansa. Amma malamai sun shimfiɗa sharuɗɗan tuba: barin laifin, nadama, ƙudurin rashin komawa, sannan idan akwai haƙƙin wani a mayar masa. Idan aka ɗora Falambo a kan wannan ma'auni za a ga Chesterton ya kiyaye sharaɗi na huɗu a duk haɗuwarsu, domin ba a taɓa maganar gafara ba sai da azurfa ta koma otal, lu'ulu'u ya koma ga mai shi.

Batun abota ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya kashe rai casa'in da tara ya nuna mai ibadar da ya yanke masa ƙauna ya zama cikon na ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofa kuwa ya haɗa masa da umarnin ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Fudailu ɗan Iyadu, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 187 bayan Hijira, ɗan fashi ne kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zuhudu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma karin maganar yana aiki ta fuska biyu.

A adabinmu na zube kuwa, mun fi ƙwarewa wajen nuna ƙarshen mugu. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East labarin ramuwar gayya ne da abin da take haifarwa. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, sunansa kaɗai ya faɗi makomar tauraronsa. Abota mafi kusa da ta Fada Brown da Falambo ita ce ta Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933 yana koyarwa a Katsina. Su ma sun fara da gaba da cutar juna daga gari zuwa gari kafin su shirya. Sai dai su biyun duk gwanayen dabara ne, shiryawarsu ta 'yan wasa ce da suka gwada ƙarfi suka ga ba mai kayar da wani. Labarin da zai bi mai laifi shekara da shekaru bayan ya ajiye makami, ya nuna wahalar zama mutumin kirki a garin da kowa ya san tarihinka, shi ne har yanzu muke da ƙarancinsa.

Inda Labaran Suka Gaza

Ba zai yiwu a yabi Chesterton a rufe ido ga aibinsa ba. Na farko, ya sauƙaƙa wa kansa aiki da ya sa Falambo ya zama ɓarawo mai ban dariya wanda ba ya zubar da jini. Ɗaya daga cikin damfararsa ita ce kamfanin madara da ba shi da saniya ko ɗaya, yana kwashe gwangwanayen madara daga ƙofar wasu yana ajiyewa a ƙofar masu biyansa. Irin wannan ɓarawo yafe masa ba wuya. Na biyu, Falambo bai taɓa tsayawa ya biya bashin shekara ashirin ba. Ya mayar da abin da aka kama shi da shi, amma sauran waɗanda ya cuta ba mu ji muryarsu ba, shi kuwa ya ƙare a gidansa na kan tudu cikin rufin asiri. Gaba ɗaya labaran sun fi damuwa da ran mai laifi a kan hawayen wanda aka zalunta. Na uku, akwai wariyar launin fata ƙarara a wasu labaran, musamman The God of the Gongs, inda aka siffanta baƙar fata da kalmomin ƙasƙanci, haka kuma Yahudawa da mutanen Indiya ba su tsira daga alƙalaminsa ba. Marubucin da ya koyar da cewa kada ka kalli mutum daga sama kamar ƙwaro, shi da kansa ya hau wannan hasumiya da ya zo kan mutane irinmu.

Gazawa ta biyu ita ta fi ci mini rai, saboda inda nake zaune. Masu laifin Chesterton ɗaiɗaiku ne, ana iya tsayawa a lambu a yi magana da zuciyarsu. Namu kuwa a kan babura suke zuwa da yawa. A Disambar 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Mayun 2021 an kashe Fada Alphonsus Bello a harin da aka kai cocin Katolika a Malumfashi. A Agustan 2025 an buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau, a ƙaramar hukumar Malumfashin dai. Masifar da a da muke jin labarinta daga bakin dajin Rugu ta matso har manoman tsakiyar jihar suna tunani kafin su je gona mai nisa. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, a 2020 kuma ya bayyana cewa sun karya alƙawari. Wanda ya ga wannan yana da hujja idan ya ce labarin Falambo tatsuniya ce, tuban da muka sani shi ne na muzuru.

Duk da haka, da na sake karanta labaran da wannan ido, sai na ga ba su goyi bayan afuwa mai araha ba. Mai kisan da ke The Hammer of God ya ƙare a hannun hukuma, kuma a wurin Fada Brown wannan miƙa kai shi ne cikar tubansa. A The Chief Mourner of Marne wasu manyan mutane sun yi ta zargin limamai da hana wani basarake fita daga ƙuncin nadama, suna cewa su sun yafe masa kisan da ya yi a fito-na-fito. Da gaskiya ta bayyana cewa kisan na yaudara ne, ya yi kamar ya mutu sannan ya harbe ɗan'uwansa da ya rugo ya taimake shi, sai duk suka juya masa baya, Fada Brown kaɗai ya rage. Su sun yafe ne lokacin da suke ganin laifin ƙarami ne, shi kuwa ya san girmansa, bai rage masa nauyi ba, kuma bai gudu ba. Sulhun da ake ɗaukar hoto a miƙa 'yan bindigogi a watse ya rasa duka biyun, domin ba a ambaci laifin da sunansa a gaban waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa ba, ba a kuma samar da wanda zai zauna da mai tuban bayan an naɗe tabarma ba.

Kammalawa

Da za a faɗa wa Fada Brown cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, ina jin ba zai musa ba. Zai amsa cewa lallai akwai ɓarawo a cikinsa, kuma sanin haka ne ya ba shi damar zama da Falambo ba tare da ya raina shi ko ya taya shi sata ba. Iyayenmu suna da gaskiya da suke tsoron yaro ya bi ɓarawo don ya ci daga abin da ya sato. Chesterton ya ƙara mana da cewa akwai wata abotar da sharaɗinta na farko shi ne a mayar da kayan mutane, kuma mai yin ta sai ya shirya ba da shekarun rayuwarsa.

Irin wannan tauraro ba sai an je Ingila neman sa ba. Limamin unguwa a Kankiya ko Kusada, wanda ake kai wa rikicin aure da rabon gado da bashin da aka ci aka hana, ya san cikin gari fiye da kowane ɗan sanda, kuma ya iya riƙe sirri. A 2023 Paparoma Francis ya kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe daga yankin Malumfashi, bishop ɗinsa na farko, don haka fada mai magana da Hausar Katsina maƙwabcinmu ne. Marubucin Hausa da zai ɗauki ɗayan waɗannan biyu, ko ya haɗa su a labari guda, ya ba su mai laifin da ya zubar da jini, ya kuma bar matar da aka kashe wa miji ta yi magana da bakinta, zai rubuta abin da Chesterton ya tsallake. Littafin da malamina ya bar mini yana nan, bangonsa ya rabu da jikinsa, na ba ƙanena ya karanta a wannan daminar.